Wai me sufayen Katolika suke yi a cikin hamada duk yini?

Talatu_M:
Jama'a don Allah ina da tambaya. Waɗannan sufayen da suke barin gari su tare a hamada, ba makaranta suke koyarwa ba, ba asibiti suka buɗe ba, to wane aiki suke yi, kuma wa yake ciyar da su? Abin yana burge ni amma na kasa gane amfaninsa ga sauran mutane.

Ɗan Zabura:
'Yar'uwa ai addu'ar ita ce babban aikin nasu. Ɗauki misalin gidan Christ in the Desert da ke New Mexico a Amurka, an kafa shi 1964, sai kin bi hanyar da ba kwalta wajen kilomita 21 kafin ki isa, wutarsu ma ta sola ce. Dokar Waliyyi Benedict suke bi, tun ƙarni na 6 aka rubuta ta. Ƙarfe 4 na asuba an buga ƙararrawa kowa yana coci cikin duhu da sanyi, daga nan sau da yawa kuma za su sake taruwa kafin dare, dokar ta ce a rera Zabura 150 kaf cikin mako guda. Tsakani kuwa aiki ne, wani girki wani shara wani kula da baƙi, abinci ma shiru ake ci mutum ɗaya yana karanta musu littafi. Guminsu suke ci, sai gudummawar masu ziyara.

Baba Yakubu:
Ƙari kaɗan ɗiyata, ba dukansu ne fada ba fa. Kuma ni a ganina ba zafin hamada ne wahalar ba. Suna alkawarin zama a gida ɗaya har mutuwa, wato ɗan'uwan da halinsa yake ba ka haushi gobe ma shi ne a gefenka wajen addu'a, jibi ma shi, babu inda za ka gudu sai dai ka koyi haƙuri da yafiya. Shi ya sa ba a gaggawa, sai mutum ya yi shekara yana gwaji, sannan alkawarin wucin gadi na aƙalla shekara 3 kafin na dindindin.

Talatu_M:
Na gode Baba. To mace za ta iya zuwa ta kwana biyu ko maza kaɗai suke karɓa?

Ɗan Zabura:
Suna karɓar mata a masaukin baƙi, babi na 53 na dokar Benedict cewa ya yi a tarbi kowane baƙo kamar Almasihu ne ya zo. Sai dai ki nemi wuri tun da wuri, kuma ɓangaren da sufayen suke kwana ba a shiga.