Masu gwada ƙarfe a kwamfuta a Legas, ku zo mu ji

Ɗan Agege: Salamu alaikum 'yan uwa. An ba ni aikin ƙafar tankin ruwa mai lita 2,000, kusan tan 2 ke nan idan ya cika. Na zana a SolidWorks, manhajar zane da gwajin ƙarfe, na ɗora nauyin, amma duk sanda na ƙara wa ragar da manhajar ke yayyanka zanen da ita don lissafi ƙanƙanta, jan da ke kusurwa, wato alamar inda nauyi ya fi matsa wa ƙarfen, sai hawa yake yi. Wa ya taɓa cin karo da wannan?

Injiniya, Ikeja: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kusurwa mai kaifi ce ke jawo haka, lissafin wurin ba ya tsayawa ko ka kwana kana tace raga. Ka ɗan lanƙwasa ta yadda walda za ta cike ta, ka karanta lambar ɗan nesa da wurin. In ta daina canzawa, ita ce taka.

Mai walda, Mil 12: Ranka ya daɗe, ni nawa kukan daban ne. Kuna rubuta ƙarfen angil mai kaurin milimita 5, mu je kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin mu sa ma'auni, wani bai kai ba. Kwanan baya aka kawo min zane shuɗi fes, wato lafiya lau a kwamfuta, amma ƙarfen da mai aiki ya sayo da hannu nake murɗa shi. Wallahi na ƙi ɗora tanki a kai, don yara na wasa a ƙasansa. Ku auna abin da ke kasuwa tukuna, shi za ku shigar.

'Yar Idi-Araba: Gaskiyar Baba ce. Sannan doguwar ƙafa siririya tana iya lanƙwashewa tun matsin da ke kan ƙarfen bai kai megafaskal 250 ɗin da ake sa masa a matsayin iyakar juriyarsa ba. Gwajin lanƙwashewa daban yake, sai ka buɗe shi da kanka. A aikin da muka yi a Apapa na bar rarar kauri saboda iskar teku, tsatsa ba ta ɗaga ƙafa a can.

Ɗalibi, Yaba: Ni wuta ce ke karya ni, ana tsakar lissafi a ɗauke. Na koma manhajar FreeCAD, kyauta ne kuma ba ya neman intanet. In abin ɓangarensa biyu daidai suke, rabi nake gwadawa, ya gama kafin batir ya mutu.

Ɗan Agege: Allah ya saka. Baba, gobe in zo da zanen mu je kasuwar tare?