Metabase ya ƙi zama da MongoDB Atlas, ina matsalar take?

Ɗan Mile 12:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai manhajar da ke rubuta cinikin albasa da tattasai na wani shagon sari a nan kasuwar Mile 12 ta Legas, bayananta suna MongoDB Atlas, ma'ajiyar bayanai ta intanet, matakin kyauta na M0. Maigida yana son ya riƙa ganin cinikin kowace rana a zane ta wayarsa. An ɗora Metabase, manhajar da ke mayar da bayanai zane, ta hanyar Docker (mai gudanar da manhaja cikin wani keɓaɓɓen wuri da ake kira kwantena) a kwamfutar ofis, yana buɗewa lafiya lau a localhost:3000. Da safe ya haɗu da Atlas, da yamma kuma sai ya yi ta juyi har ya yanke. Da MiFi ake shiga intanet. Don Allah mai haske ya taimaka.

Injiniyan Agege:
Wa alaikumus salam. Haɗuwa da safe, yankewa da yamma, wannan aikin adireshin IP ne, wato lambar da ake gane na'urarka da ita a intanet. Atlas ba ya amsa wa kowa sai adireshin da aka rubuta a Network Access, shi kuwa na MiFi ba ya zama wuri ɗaya, balle in an ɗauke wuta na'urar ta mutu ta sake tashi. Duba adireshinka na yanzu ka gwada da wanda ke cikin jerin, za ka ga sun bambanta.

Wani zai ce maka sa 0.0.0.0/0 kawai a jerin, wato a amsa wa kowane adireshi. Zai yi aiki, amma ka buɗe wa duk duniya ƙofa ke nan, ba abin da ya rage tsakaninsu da lissafin shagon sai kalmar sirri. Gara a kama hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke kunne kullum a intanet, mai tsayayyen IP, RAM kamar 2GB, a mayar da Metabase can, a sa adireshinta shi kaɗai a jerin. Dama dole ne a yi haka, don wayar maigida ba za ta ga localhost na ofis ba in yana gida.

Sannan a Database Access ka buɗe sabon mai amfani na Metabase, izinin karatu kaɗai. Kada ka ba shi sunan da manhajar ke rubutu da shi. In akwai @ a kalmar sirrin, a cikin adireshin haɗawa %40 ake rubutawa, in ba haka ba zai ce kalmar ba daidai ba ce alhali daidai take. In kuma adireshin mongodb+srv:// ya ƙi ganuwa, wasu layukan intanet ne ba sa warware SRV, bayanin da ke nuna ainihin sabobin da ke bayan wannan adireshin. Mayar da DNS, mai fassara sunaye zuwa adireshi, ya koma 8.8.8.8, ko ka ɗauko dogon adireshin nan mai mongodb:// da ke jera sabobi uku da tashar 27017.

Hajiyar Idi-Araba:
Malam ya gama maganar haɗawa. Ni abin da zan ja maka kunne a kai shi ne bayan an haɗa, don nan ne lissafi ke karkacewa ba tare da wani jan rubutu ya fito ba.

Mongo a matsayin takarda yake ajiye kowane bayani, kamar rasit guda, kuma ba ya tilasta wa takardu su zama tsari ɗaya. Metabase kuma samfurin takardu yake ɗiba ya gane guraben da ke akwai, ba duka yake karantawa ba, shi ya sa gurbin da ba a cika amfani da shi ba, kamar na bashi, sai ka neme shi ka rasa. Na biyu, kuɗi. In a wata takardar an rubuta 12500 a matsayin lamba, a wata kuma "12,500" a matsayin rubutu, $sum, umarnin tara lambobi, zai tsallake na rubutun ya yi shiru abinsa. Jimilla ta ragu, maigida ya fara zargin yaran shago.

Na uku ya fi su cizo. Rasit ɗaya mai kaya uku, buhun albasa, kwandon tumatir, solon attaruhu, kayan suna jere ne a cikin takarda ɗaya. Da ka warware su da $unwind sun zama layi uku, kowanne ɗauke da jimillar rasit ɗin. Ka tara wannan jimillar, cinikin naira dubu 90 ya koma dubu 270. Bayan $unwind farashin kowane kaya ake tarawa.

Maganinsu duka: ka yi db.createView guda, wato gyararren fasalin bayanan da ba ya taɓa na asali, ka cire waƙafin ka mayar da kuɗin lamba da $convert, ka daidaita sunayen guraben, Metabase ya riƙa karantawa daga nan. Sai ka danna Sync database schema.

Ɗan Mile 12:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. IP ɗin ne kuwa. Amma Hajiya, motar da aka sauke ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare tana fitowa a lissafin jiya.

Hajiyar Idi-Araba:
Agogo ne. Mongo da lokacin UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, yake ajiye kwanan wata, Legas kuma tana gaba da awa ɗaya, saboda haka duk abin da aka rubuta daga sha biyun dare zuwa ƙarfe ɗaya jiya zai faɗa. Sa timezone: "Africa/Lagos" a cikin $dateToString, ka kuma gyara Report Timezone a saitin Metabase.

Injiniyan Agege:
Ƙari kaɗan kafin ka kwashe zuwa saba. Metabase yana ajiye zane-zanen da ka haɗa a fayil ɗin H2, ƙaramar ma'ajiyarsa ta ciki, cikin kwantenar Docker, in ka goge kwantenar sun tafi. Haɗa shi da Postgres, wata ma'ajiyar bayanai ta daban, tun yanzu ya riƙa ajiye su can. M0 kuma 512MB ne iyakarsa, ka riƙa leƙa Metrics ka ga inda aka kai.