Ina son fara kiwon kifin ruwan gishiri a falona, ta ina zan fara?

Abban Sadiq:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a wajen waɗanda suka riga ni shiga harkar. Na jima ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi a nan Kano, 'yan gofi da moli a tankin gilashi mai cin lita 60, kuma alhamdu lillahi suna nan lafiya, har suna ta haihuwa. To yanzu zuciyata ta karkata ga na ruwan gishiri, musamman ɗan kifin nan mai ruwan lemo da farar ɗamara uku, wanda yara ke kira Nemo. Na fi ƙarfin a ce sha'awar kwana biyu ce, da gaske nake so, kuma ba na son in ɗauko rai in kashe shi da jahilci.

Ga abin da na tsara. Mai gilashi zai haɗa mini tanki tsawon santimita 80, faɗi 40, tsayi 40, wato wajen lita 128. A falo zan ajiye shi, jikin bangon da rana ba ta dukansa. Ruwan gidanmu na burtsatse ne, garai-garai, shi muke sha. Wuta kuwa yadda kowa ya sani, a kawo a ɗauke, amma ina da inbata da batir biyu da ke ɗaukar fanka da talabijin.

Tambayata: gishirin girki zai yi, ko dole sai na musamman? Ruwan burtsatsen fa? Bayan na cika tankin, kwana nawa zan jira kafin in zuba kifi? Sannan ina son in haɗa da shuɗin kifin nan mai rawayar wutsiya, da ɗan murjani mai rai ko da guda biyu ne. Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Ikeja:

Wa alaikumus salam, Abban Sadiq. Barka da shigowa. Kafin mu je kan gishiri, bari in fara da abin da ba ka tambaya ba, don shi ne zai yanke hukunci a kan tankin nan gaba ɗaya: wuta da zafi.

Kifin nan daga tekun da ke da ɗumi suka fito, wajejen Indonesiya da Filifin da arewacin Ostareliya, inda zafin ruwa ba ya tashi ya faɗi a yini guda. Abin da suke so shi ne digiri 24 zuwa 27. Kai ka san watan Afrilu a Kano, waje ya haura 40, ɗaki ma ya ɗauki zafi har dare. Ruwan tankin zai bi zafin ɗakin, sannan famfo da fitila su ƙara masa nasu. Da ya kai 30 ya wuce, ka shiga haɗari, domin ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, kuma dama ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe ta ba. To a ce cikin wannan zafin aka ɗauke wuta, famfo ya tsaya, ruwa ya kwanta. Cikin sa'o'i kaɗan za ka ga kifin sun hau sama suna haki. Molinka suna jure abin da waɗannan ba za su jure ba.

Don haka ka ware wa tankin batirinsa, kada ya yi tarayya da talabijin. Lissafin ba wuya. Famfon da ke juya ruwa da ɗan injin da ke kaɗa igiyar ruwa, su biyun ba za su wuce wat 30 ba a tanki irin naka. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, in ka bar rabi don kada ya lalace, sauran 600 zai riƙe su kusan awa 20. Fitila tana iya mutuwa yini guda ba komai, amma motsin ruwa kada ya tsaya ko na dare ɗaya. Ka kuma sayi ɗan famfon iska mai batirin tocila ka ajiye a durowa.

Sanyaya ruwa shi ne mai cin kuɗi. Fanka ƙarama da ke hura saman ruwan tana sauke digiri biyu ko uku, kuma a busasshiyar iskar Arewa ta fi aiki fiye da nan Legas da muke cikin laima. Amma a tsakiyar bazara ba lallai ta isa ba, sai na'urar sanyaya ruwa, ita kuma tana shan wuta ninkin famfunan sau da yawa. Shawarata, ka cika tankin da ruwa zalla, ka kunna komai, ka rataya ma'aunin zafi, ka riƙa duba shi da azahar da kuma asuba har bazara ta wuce. Abin da ma'aunin ya nuna maka shi zai gaya maka ko ka shirya.

Gishiri kuwa, na girki ba zai yi ba sam. Ruwan teku ba gishiri kaɗai ba ne, akwai kalshiyam da magniziyam da sauran sinadarai da ke riƙe shi a daidai. Ana sayar da haɗaɗɗen gishirin teku a buhu ko bokiti, irin su Instant Ocean da Red Sea da Tropic Marin. Wajen giram 35 zuwa 38 ake sawa a lita, wato cikon farko zai cinye maka kusan kilo biyar. A bokiti daban ake haɗawa, a bar famfo ya juya shi ya kwana, ba a zuba garin gishiri a kan kifi. Ka nemi rifiraktomita na auna yawan gishirin ruwa, ɗan abin nan mai kama da guntun tabarau da ake ɗiga masa ruwa a leƙa, ka tsayar da awon a 1.025.

Maman Walida:

Sannu Abban Sadiq. Injiniya ya gama magana a kan wuta, ni bari in taɓa ruwa da kifin. Ina Jidda, kuma tankina lita 200 ne.

Ruwan burtsatse ko ya kai ƙanƙara haske, ba ka san abin da ya narke a cikinsa ba. Sau da yawa akwai naitiret da fosfet da silika, su ne abincin gansakuka, sai ka wayi gari gilashi da duwatsu sun yi kore ko ruwan ƙasa. Ka sayi ƙaramar matatar RO ta gida, wadda ke tace abin da ya narke a ruwa, ka haɗa da ɗan alƙalamin auna dattin ruwa, ka tabbata yana nuna sifili ko kusa da shi. Kuma ka riƙe wannan da kyau: ruwa yana ƙafewa, gishiri ba ya ƙafewa. In ka ga ruwa ya ja baya, tataccen ruwa marar gishiri za ka ƙara, kullum, kaɗan-kaɗan. Ka manna ɗan salatif a gilashi daidai bakin ruwan ya zama alama. Da hunturu a wajenku, ga kuma fanka tana hurawa, za ka sha mamakin yadda zai riƙa sauka.

Batun jira, ba lissafin kwana ba ne, lissafin gwaji ne. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuwa guba ce. Akwai bakteriya masu amfani da ke zama a ramukan dutse da yashi, suna mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da wannan naitiret, wanda ya fi sauƙin illa kuma canjin ruwa ke rage shi. Sabon tanki ba shi da su. Ka jera dutsen murjani busasshe wajen kilo 10 zuwa 12, da yashin aragonait, wato farin yashin da ake sayarwa don tankin ruwan gishiri, ka jefa ɗanyen jatan lande guda ɗaya ya ruɓe a ciki. Sai ka riƙa gwaji da kwalaben gwajin nan masu canza launi. Amoniya za ta tashi ta sauka, naitirait ya tashi ya sauka. Sai dukansu sun koma sifili sannan kifi. Yawanci mako huɗu zuwa shida. Baƙi za su yi ta tambayarka ina kifin, ka ce musu suna tafe. Don Allah kada ka bi masu cewa a jefa kifi mai arha ya "buɗe" tankin, azabtar da dabba ne kawai.

Nemo ɗinka zaɓi ne mai kyau. Ka nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gona, ba kamun teku ba. Ya saba da abincin gwangwani, ya fi ƙwari, kuma har yanzu a wasu wuraren ana kama kifin ado da gubar sayanaid, wadda ke lahanta kifin ta kashe murjanin da yake ɓuya a ciki. Ka ɗauki ƙanana guda biyu. Ikon Allah, dukansu a maza suke farawa, wanda ya fi ƙarfi shi ke rikiɗewa ya zama mace, ya fi ɗayan girma. In ka kula da su suna haura shekara goma. Ba sa bukatar anemoni, wannan halitta mai yatsu da ake ganinsu a ciki a hoto. Nawa a kusurwar tanki suka zaɓi kwana, jikin famfo.

Shuɗin kuwa, ka haƙura da shi. Yana kai santimita 30, mai yawan iyo ne, sai tankin da tsawonsa ya kusa ƙafa shida, kuma shi ne kan gaba wajen kamuwa da cutar farin ɗigo. Murjani ma ka bar shi sai tankin ya yi wata shida zuwa shekara yana tafiya daidai, sannan ka fara da masu laushi.

Abu na ƙarshe, ka zauna da uwargida ku yi magana. Fiya-fiya da maganin sauro na fesawa suna kashe kifi, hayaƙin igiyar sauro da turaren wuta ma ba a so su riƙa sauka a kan ruwan. Ni na mayar da kaskon turarena ɗaki. Hannun da aka shafa wa mai ko turare kada ya shiga tankin, kuma bokitinsa daban, wanda sabulu bai taɓa shiga ba.

Baban Gida Zariya:

Ɗana, duk abin da suka faɗa gaskiya ne, amma ka yi lissafin abin da zai biyo baya, ba na ranar farko ba. Canjin kashi 10 cikin 100 duk mako a tankinka lita 12 ne ko 13, kusan rabin kilon gishiri ke nan, mako bayan mako, kuma daga waje ake shigo da shi. Ranar da ya yanke a kasuwa fa? Sannan kifin daga Legas zai taso, kusan kilomita 1,000, a leda. In launi kake so, akwai kifin tafkin Malawi, shuɗi da rawaya kamar an yi musu fenti, ruwan daɗi ne, kuma ruwan burtsatse mai yawan ma'adinai ma ya fi yi musu. Ban hana ka ba, amma wanda bai iya ɗaukar tulu ba ba ya fara da randa.

Injiniyan Ikeja:

Baba ya yi gaskiya a kan gishiri, ka sayi na wata shida a ajiye kafin kifi ya shigo. Batun tafiya kuwa, ta jirgin sama za a turo, a leda mai iskar oksijin cikin kwalin soso, ka je ka karɓa da kanka. In ka iso gida ka kashe fitila, ka ɗora ledar a kan ruwan minti 15 zafinsu ya daidaita, sannan ka riƙa ɗiga musu ruwan tankin a hankali kafin ka ɗauke su da raga. Ruwan ledar kada ya shiga tankinka. Kuma ka duba teburin da za ka ɗora shi, da ruwa da dutse da gilashi zai haura kilo 160.

Abban Sadiq:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na ji maganarka, kuma na zauna na yi lissafin gishirin, zan iya ɗauka in sha Allahu. Na janye shuɗin da murjani. Matatar ruwa da batir zan fara saya a wannan watan, tankin ya biyo baya, in bar shi da dutse da ruwa ya ga bazara tukuna.

Hajiya Maman Walida, saura tambaya ɗaya. Tsohon tankina na lita 60, in na mayar da molin wani wuri, zai yi in killace sababbin kifin a cikinsa kafin su shiga babban? In zai yi, mako nawa ake barinsu, kuma shi ma sai an jira bakteriyarsa sun kama?