Ɓerayen gwaji da mofin: mace da namiji ba ɗaya ba ne

'Yar Kawo: Assalamu alaikum. Wa ya taɓa gwajin mofin, maganin kashe zafin ciwo, da ɓeraye mata? Ni dai sun kusa sa ni kuka. Mazan, in na yi musu allura na ɗora su kan farantin zafi mai digiri 55, sukan daɗe kafin su lashi ƙafa, alamar maganin ya dushe musu zafin. Matan kuwa yau fari gobe tsumma, alhali maganin gwargwadon nauyinsu nake aunawa.

Ɗan Tudun Wada: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kina duba lokacinsu kuwa? Zagayen macen ɓera kwana huɗu zuwa biyar ne kawai, sinadarin jikin mace da ake kira istirojin na hawa yana sauka, ƙarfin maganin na bin sa. Ni sai da na koma ɗibar ruwan gabansu kowace safiya ina dubawa a madubin likita, sannan alƙalumana suka fara magana. Ko da haka, mofin ya fi cin mazan.

Malam na Unguwar Rimi: Yadda jiki ke sabawa da maganin shi ya fi ba ni mamaki. Allura safe da yamma, kafin mako ya zagayo adadin da ya kwantar da ɗan ɓera ranar farko ya zama tamkar ruwa. Muna yi musu naloksan, maganin da ke karya aikin mofin, sai tsalle, zawo, karkarwa. Wallahi ranar ban iya cin tuwo ba, don na taɓa ganin irin haka ga wani yaron unguwarmu da ya yanke tiramol rana ɗaya.

'Yar Kawo: Allah ya ba shi lafiya, Malam.

Hajiyar Barnawa: Amin. Ku sa tsoro a lissafi. Ran da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta jikin ɗakin dabbobinmu, duk suka daɗe a faranti, har waɗanda ruwan gishiri kawai muka ba. Firgici na tayar da sinadarin damuwa, jiki kuma ya dushe zafin da kansa. A 2014 masu bincike a jami'ar McGill ta Kanada sun nuna warin ɗan Adam namiji ma kaɗai yana yi musu haka.

Ɗan Tudun Wada: To fa! Hajiya, ashe ni ne matsalar.

'Yar Kawo: Nawa mai taimaka mini ma namiji ne. Gobe da kaina zan riƙe su.