Yarona ya dawo daga makaranta yana tambaya ko mu Allah uku muke bi

Maman Rifkatu (Sumaila): Salama 'yan'uwa, barkanmu da yamma, ya kaka ya masussuka. Don Allah shawara nake nema. Ƙanin Rifkatu ɗan aji biyar jiya ya dawo makaranta ko tuwo ya ƙi ci, da na matsa mai sai ya ce wai da aka fita tara abokansa suka tare shi suka ce mu Allah uku muke bauta wa kuma wai littafinmu an canja shi, shi kuma bai san me zai ce ba ya yi shiru suna ta mai dariya. Yanzu ni ya juyo yana tambaya, Mama da gaske ne? Ni na san abin da na ba da gaskiya a kai amma bakin faɗa ne babu, karatuna bai yi nisa ba, babansa kuma tun asuba yana gona in ya dawo sai gyangyaɗi. Ku da kuka riga ni, ya kuka yi da naku?

Baban Ayuba (Rogo): Sannu Maman Rifkatu, wannan ai duk gidan da ke da ɗan makaranta ya sha ta. Ni murhu na nuna wa nawa, na ce duwatsu nawa ne ya ce uku, na ce murhu nawa ne ya ce ɗaya, shi ke nan ya gane

Maman Talatu (Gwaram): Mu kuma ruwa aka koya mana, ruwa da ƙanƙara da tururi

Fasto: Salama gare ku duka. Baban Ayuba ka yi ƙoƙari amma bari in ɗan taka maka burki. Murhun nan in yaro mai wayo ya ɗauke dutse ɗaya ya ɗaga ya ce to wannan fa, ai ka ba shi abin da yake nema, don kowane dutse zaman kansa yake kuma shi kaɗai ba murhu ba ne. Na ruwan ma haka, yana sa yaro ya ɗauka wai Allah rikiɗa yake yi, yau Uba gobe Ɗa jibi Ruhu, alhali ran da aka yi wa Yesu baftisma a kogin Urdun Ɗan yana cikin ruwa, Ruhu ya sauko kamar kurciya, muryar Uba kuma daga sama, duk a lokaci guda. Ku duba ƙarshen Matiyu sura 3. Ni shawarata Maman Rifkatu ki fara mai da abin da ba gardama a kai, Allah ɗaya ne. Buɗe mai Maimaitawar Shari'a 6:4 sannan Markus 12:29 inda Yesu da bakinsa ya maimaita ta da aka tambaye shi doka mafi girma. Ya haddace su biyun nan tukuna. In an ce mai uku kuke bi ya ce a'a, ɗaya muke bi, ga shi a littafinmu, Allah ɗayan nan ne ya bayyana mana kansa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ɗan aji biyar wannan ta ishe shi, sauran a ajin baftisma za mu yi

Baban Ayuba (Rogo): To Fasto na karɓi gyara, murhu ya koma madafa 😂

Malamar Lahadi (Tudun Wada): Maman Rifkatu ki shirya, wata tambayar na nan tafe, ita ce ma ta fi kayar da yaranmu, wai Allah ya yi aure ne da har zai haifi ɗa. Abin da nake yi a ajina sai in tambaye su, in an ce wane ɗan Kano ne, Kano mata ta aura? Su yi ta dariya. Ɗan kasuwa fa, ɗan hanya fa, ɗan gari fa. Kin ga a Hausarmu ma ba kowane ɗa ba ne na aure da haihuwa. Sai in ce musu mu ma ba mu taɓa cewa Allah ya yi mata ba, wanda ya faɗi haka mu ma a wurinmu saɓo ya yi, sai mu karanta Luka 1:35 abin da mala'ika ya gaya wa Maryamu, da farkon Bisharar Yahaya inda aka kira Yesu Kalma wanda yake tun fil'azal. Amma fa misalin ɗan Kano share hanya kawai yake yi, kar a tsaya a nan yaro ya zaci laƙabi ne kurum

Maman 'Yan Biyu (Kazaure): Ni ku yi haƙuri zan zo da tawa daban. Wannan abin da kuke koya wa yaran ni tsoro yake ba ni, yaro ɗan shekara goma in ka cika mai baki da amsa gobe zai je ya tsaya gardama a filin ƙwallo, kuma kun san inda muke zaune, kun san kisan da aka yi wa wata ɗaliba Kirista a Sakkwato a 2022 kan maganar da aka yi a zauren waya irin wannan. Ni nawa cewa na yi in an taso da maganar addini su ɗauki jakarsu su taho gida

Fasto: Tsoronki yana kan hanya Maman 'Yan Biyu, ban raina shi ba ko kaɗan. Amma duba yaron Maman Rifkatu, ai shirun ya yi ya taho gida kamar yadda kike so, kuma ga shi ya kasa cin tuwo. Amsar nan tun farko don cikin yaron ake ba shi ita, ko bai taɓa furta ta a waje ba. 1 Bitrus 3:15 da muke yawan ja cewa ta yi mu zauna a shirye mu amsa wa wanda ya TAMBAYE mu dalilin begenmu, kuma da tawali'u da ladabi, mutane suna son rabin farko su manta na biyun

Baba Dattijo (Roni): Ina gaishe ku 'ya'yana, jikata ce ke rubuta min ni idon ya yi rauni. Maganar Maman 'Yan Biyu kar a wuce ta da sauri. A gidana doka uku ce tun 'ya'yana suna ƙanana har yanzu jikoki. Ka faɗi naka kar ka taɓa na wani. Sunan Annabinsu da littafinsu kar su fito bakinka da wasa ko da fushi ko a rubuce a waya, ko an zagi naka. In murya ta fara tashi ka ce sai anjima ka kama hanya. Ni ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya musulmi ne, da salla tuwonsa na shigowa gidana da Kirsimeti shinkafata na shiga nasa, 'ya'yanmu tare suka yi kiwo, ba zan koya wa jikana abin da zai sa ya raina kakansa ba. Sannan ku iyayen yanzu kun sakar wa makarantar Lahadi komai, awa ɗaya a mako, ita ma rabinta waƙa. Mu da muka tashi kusa da mishan na SIM a nan Roni ba mu da komai sai fitilar ƙwai da Littafi guda ɗaya a gida, amma kullum bayan tuwon dare sai an karanta ko aya biyar ce, a yi waƙa ɗaya cikin littafin waƙoƙi, a yi Addu'ar Ubangiji, wanda ya yi barci a tashe shi. Babanmu bamaguje ne da ya tuba da girmansa, bai iya karatu ba, mu yake sa wa mu karanta shi kuma ya yi ta tambaya kamar shi ne ɗalibin, ashe mu yake koya wa. Aya ta 7 ta wannan sura 6 da Fasto ya kawo ai iyaye ta ce su koya wa 'ya'yansu, a zaune a gida da tafe a hanya da kwanciya da tashi, ba ta ce a jira Lahadi ba

Maman Rifkatu (Sumaila): Baba wannan magana taku ta shige ni, don ni kunyar rashin karatun ce ta sa ban taɓa zama da su ba. Na gode Allah ya ƙara girma

Ɗan FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista (Birnin Kudu): Iyayena ina wuni. Bari in ɗan taɓa ta an canja littafi don mu a sakandare kusan kullum sai mun ji ta. Abin da ke rikita yara wani lokaci a gidanmu yake, kaka tana da tsohon juyi na 1932 wanda su Likita Mila, baturen mishan na Zariya, suka yi aikinsa, baba yana da na 1979, yaro ya buɗe wancan ya ga Yohanna da Misalai da Kubawar Shari'a ya buɗe wannan ya ga Yahaya da Karin Magana da Maimaitawar Shari'a sai ya ce lallai an canja. Ku zaunar da shi ku ajiye biyun gefe da gefe ku karanta aya ɗaya a kowanne ya ji da kunnensa maganar ɗaya ce Hausar ce ta bambanta. Ku gaya mai asali da Ibrananci aka rubuta Tsohon Alkawari, ɗan kaɗan da Aramiyanci, Sabon kuma da Helenanci wato yaren Girka, na hannunmu fassara ce. Kuma tsofaffin kwafin suna nan ba ɓoye su aka yi ba, akwai wanda ake kira Sinaitikus da aka rubuta da hannu a ƙarni na 4, yawancinsa yana babban ɗakin karatu na Landan kuma an sa hotunan shafukansa a intanet kowa na iya gani. A 1947 kuma makiyaya suka tsinci naɗaɗɗun littattafai cikin tuluna a kogo kusa da Tekun Gishiri, a ciki har da littafin Ishaya sukutum wanda aka kwafa fiye da shekara ɗari kafin haihuwar Yesu, yana Urushalima yanzu. Labarin makiyayan nan yara na son shi sosai don su ma kiwo suke, ƙanena sai da ya sa na maimaita mai sau uku

Baban Ayuba (Rogo): Kai yaro Allah ya yi maka albarka, ni kaina yau na fara jin wannan ta tulunan

Malamar Lahadi (Tudun Wada): Wani abu kuma, in yaro ya yi tambayar da ta fi ƙarfinki kar ki ce mai rufe min baki ko ki ce shaiɗan ne ke sa shi, daga ranar ya daina kawo miki sai ya kai wa waya ko abokai. Ki ce bari mu tambayi Fasto ran Lahadi, kuma ki kai shi ɗin da gaske. Toma almajirin Yesu ma ai da aka ce Yesu ya tashi daga matattu sai da ya ce sai ya gani, Yesu bai kore shi ba hannunsa ya nuna mai. Sannan ki sa shi Boys' Brigade, ƙungiyar yara maza, in akwai a ekilisiyarku, ita Rifkatu Girls' Brigade ta 'yan mata, don rabin ciwon nan kaɗaici ne, makarantar da nawa suke su huɗu ne kacal masu bi a ajinsu kuma babu malamin CRK wato darasin addinin Kirista, yaro yana ganin kamar su kaɗai ne a duniya

Maman Talatu (Gwaram): Wannan gaskiya ne, tawa har cewa aka yi mata wai Bahaushe ba ya zama Kirista sai dai in ita ba Bahaushiya ba ce, ta zo tana tambayata mu wane yare ne 😅 na ce je ki tambayi kakarki in ta iya wani yare ban da Hausa. Da muka je taron Masihiyawa, wato ƙungiyar Hausawa da Fulani Kirista, ta ga jama'a cike da fili ana wa'azi da Hausa ana waƙa da kalangu har da Fulani, tun daga nan ban sake jin maganar ba

Maman 'Yan Biyu (Kazaure): To na ji, zan koya musu a gida amma dokar Baba ita ce gaba, ni dai a waje bakinsu alaikum

Fasto: Hakan ma ya yi. Maman Rifkatu ga abin da za ki fara da shi wannan makon kar ki ɗebo da yawa, ayoyi biyun nan na Allah ɗaya, sai Shaidar Bangaskiya ta Manzanni layi ɗaya kowane dare, in kun gama ku shiga Dokoki Goma a Fitowa 20. Rifkatu ta karanta ke ki yi tambaya irin ta baban Baba. Maigidan kuma ki ce ina gaishe shi, ko minti goma ne ya zauna a tabarmar kafin barcin, yaro namiji yana kallon ko babansa ya ɗauki abin da muhimmanci

Maman Rifkatu (Sumaila): Zan gaya mai Fasto. Matsalar ɗaya Littafin namu ruwan bana ya shiga ɗaki ya jiƙa shi, daga Zabura zuwa Ishaya duk ya manne

Ɗan FCS (Birnin Kudu): Mama wayarku tana cin memori? Akwai Sabon Alkawari na sauti da Hausa, ko ƙaramar waya ko rediyon nan mai memori yana yi ba sai da data ba, kuna surfe ma kuna ji

Maman Rifkatu (Sumaila): Tana ci, amma ni ban san yadda ake sawa ba

Baban Ayuba (Rogo): Ki kai wa mai cajin garinku ya tura miki, kawai ki tsaya a kansa kar ya cika miki shi da waƙoƙi

Malamar Lahadi (Tudun Wada): Ina da Littafi guda da ba a amfani da shi na 1979 ne bangon ya ɗan yage amma ciki lafiya lau. Za ki zo taron Zumuntar Mata na gunduma?

Maman Rifkatu (Sumaila): In Allah ya yarda zan zo in mun gama ɗaurin dawa

Malamar Lahadi (Tudun Wada): To zan taho miki da shi, ki tuna min ana jibi don ni mantuwa gare ni