Tayil ko kok: wanne zan shimfiɗa a ɗakin Hajiya?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna gyaran ɗakin mahaifiyata, ta haura 70, ga ciwon gwiwa. Bara da hunturu ta yi ta ƙorafin sanyin tayil har ƙashi yake shigar mata, sannan ta taɓa zamewa bayan alwala, Allah dai ya tsare. Ƙanena da ke karatu a Fotugal ya ce zai aiko da shimfiɗar kok, wato ɓawon itacen nan da ake toshe bakin kwalba da shi. Anya zai jure mana?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanenki yana tushen abin, kusan rabin kok ɗin duniya daga Fotugal yake fitowa. Duk bayan shekara 9 ake saɓule ɓawon, itacen na nan tsaye. Cikinsa ƙananan ramuka ne cike da iska, shi ya sa yake yawo a kan ruwa, tayil kuwa nutsewa yake. A girma ɗaya, tayil ya kusa ninka shi 10 a nauyi. Batun sanyi, ba wai tayil ya fi ɗakin sanyi ba ne, zafin tafin ƙafa yake zuƙewa da sauri. Kok ba ya zuƙa, kuma yana ɗan lotsawa in an taka, gwiwar Hajiya za ta ji daɗinsa.

Baba Magini: 'Yata, lotsawar nan ita ce lagonsa. Tayil laka ce da aka gasa a wutar da ta haura digiri 1,000, yashin takalmi bai cika yi masa illa ba. Kok kuwa yashinmu kankare shi zai yi, ƙafar gado ta bar masa rami, rana ta koɗar da shi. Ruwa ya kwanta a mahaɗarsa, sai kumburi. Su wa ke shara da goge-goge a gidan?

Maman Ilham: Jikoki, Baba. Bokiti guda suke sheƙawa!

Baba Magini: To kin gani.

Anti Nas: Ni faɗuwar ce ta fi tayar min da hankali. Tsohuwa ta faɗi a kan tayil, ƙugu ake tsoro. Ki sa kok a ɗakin kwana kawai, tsumma mai ɗan danshi ya ishe shi. Banɗaki da bakin ƙofa a sa tayil mai kaushi, banda mai sheƙin nan.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Bari in auna ɗakin in tura masa, jikoki kuma na kashe musu bokiti.