Murar da ba ta ƙarewa: abin da muka tattara

A zaman da muka yi da iyaye mata a Kawo, kusan kowa na da yaron da ke atishawa ba ƙaƙƙautawa daga Satumba zuwa Oktoba, lokacin da gamba da kyasuwa ke fure. Wata ma'aikaciyar jinya a cikinmu ta ce sau da yawa bununin ciyawa ne jiki ke ƙi, wato alaji.

Bambance shi da mura ne muka fi daɗewa a kai. Mura takan tafi cikin mako guda ko kwana 10, wani lokaci da zazzaɓi. Wannan kuwa makonni yake yi, babu zazzaɓi, majina kamar ruwa, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, har maƙogwaro. Wata ta ce ɗanta yakan murza hanci da tafin hannu har fatar ta saɓule, tana ta ɗura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta a banza. Abin ya taɓa ni, domin yawancinmu mun yi haka.

Shawarwarin: a wanke fuska a sauya kaya bayan dawowa daga gona ko filin ƙwallo, a rufe taga idan iska ta taso, a shafa ɗan Vaseline a bakin hanci. A cikin magungunan alaji, cetirizine ko loratadine sun fi Piriton, wanda ke sa barci, musamman ga direbobi. Maganin yara sai da shawarar likita.

Idan ƙirji ya fara fito ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti, domin alajin yana iya tayar da asma.